Ina Umar Na Wannan Zamani? Ƙorafi Ga Marubutanmu

Fiye da shekara 90 ke nan da fitowar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Har yau, in aka ce wa manazarci ya nuno ƙagaggen labarin Hausa da ya ɗauki kaɗaicin yaro da muhimmanci, da wuya bai koma can ba. Wannan abin kunya ne gare mu, marubuta da manazarta baki ɗaya.

Mai karatu zai tuna yadda aka sace Umar yana ƙarami, aka raba shi da mahaifiyarsa, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, sa'an nan Shaihu Mas'ud ya shayar da shi ilmi. A cikin ƙangin bauta wannan shaƙuwa ta tsiro, kuma a nan ƙarfin littafin yake: yaron da ya rasa kowa, da dattijon da ba su haɗa jini ba.

To, shin irin su Umar sun ƙare ne? Duk mai wannan zato ya hau Mpape, unguwar nan da ke bisa duwatsu tana hangen Maitama a Abuja. Tun da asuba iyaye ke gangarawa birni aikin gadi, da tuƙi, da wanke-wanke, wasu su nufi wuraren fasa dutse, ba su dawowa sai bayan magariba. An baro kaka a Katsina ko Sakkwato, babu zaure, babu dandali, babu mai cewa "ga ta nan, ga ta nanku". Wanda yaro zai samu ya saurare shi shi ne tsoho mai shayi, ko malamin allo, ko tsohuwar Bagwariya mai sayar da itace. A 2012 hukumar Babban Birnin Tarayya ta yi barazanar rushe unguwar. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta girgiza a can, mutane suka fito daga gidaje a firgice. Wa ya rubuta mana abin da ɗan shekara 8 ya ji a ransa a lokacin, da wanda ya riƙe hannunsa?

Maimakon haka, tun daga littattafan Kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yau, alƙalaminmu ya fi karkata ga saurayi da budurwa, da kishiya da uwar miji. In labari ya shiga Abuja, a katafaren gidan Maitama yake sauka, ba ya ko ɗaga kai ya dubi dutsen da mai gadin gidan yake kwana. Yaro kuwa ɗan aike ne kurum, tsohuwa ko dai mai asiri ko mai ban dariya.

Za a ce kasuwa ce ta so haka. Wannan hujja ba ta da tushe. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? kan yarinyar da aka cire daga makaranta, kuma ya samu karɓuwa. Mai karatu ba ya neman abin da ba a taɓa ɗanɗana masa ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɗaliban wannan sashe masu sha'awar rubutu, ga fage nan a buɗe. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. In har haka ne, yaron Mpape yana bin marubuci bashi. Allah Ya ba mu ikon biya.