Likita ya fara koyon tiyatar hanci a jikin na'ura

Tsakanin kogunan da ke cikin ƙashin hanci da gurbin ido akwai wani ƙashi da bai fi takarda kauri ba. A samansu kuma ƙwaƙwalwa ce. A wannan ɗan lungu likita yake zura siririn bututu mai kyamara da fitila, idonsa na kan allon talabijin, hannunsa na yanka. In hannun ya ɗan kauce, ido na iya lalacewa, ko ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗigowa ta hanci.

Walter Messerklinger na birnin Graz a Ostiriya ne ya aza harsashin wannan tiyata, David Kennedy kuma ya yaɗa ta a Amurka daga 1985. Sai dai har yau a wurare da dama sabon likita a jikin majinyaci yake fara gwada hannunsa. Wannan bai dace ba.

Tun shekarun 1990 kamfanin Lockheed Martin ya ƙera na'urar kwaikwayo mai suna ES3. Ɗalibi zai riƙe kayan aiki, ya ji turjiyar ƙashi a yatsunsa, ya yi kuskure sau ɗari ba wanda ya makance. Tsada ce ta kasance matsalarta.

Amma akwai hanya mai araha, wato kan tunkiya, wanda likitoci a ƙasashe da yawa ke atisaye da shi. Kowace mahauta a Kano ko Kaduna na da shi. Ya kamata asibitocin koyarwa su tilasta wa ɗalibi wannan horo kafin a ba shi hancin mutum.