Jerin Sunayen Mata Amana Ne, Mu Daina Zuba Shi a Guruf

Iyayena, yayyena da ƙannena na Darmanawa, da 'yan uwa na Gyadi-Gyadi da sauran mazaɓun Tarauni:

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, kuma a ganina ya kamata mu bar ta tun yau. Da zarar an ce ana haɗa sunaye, na tallafi ne ko na koyon sana'a ko na wakilan akwati, sai ki ga mata suna ta zubo lambar asusu, NIN, BVN, har da hoton katin zaɓe, duk a cikin guruf. Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Tsakani da Allah, Hajiya, kin san mai kowace lamba da ke cikin namu?

Waɗannan bayanai kasuwa gare su. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da NIN da BVN, a kan naira 100 kacal. Kafin zaɓen 2023 kuma hukumar INEC ta koka cewa ana sayen katunan zaɓe ana tattara lambobinsu. Abin da wasu ke biyan kuɗi su samu, mu muna miƙa musu kyauta.

Ga yadda damfarar take tafiya. Mutum zai kira ki, ya ambaci cikakken sunanki da mazaɓarki da bankinki, duk daga jerin da kika tura. Sai hankalinki ya kwanta. Ya ce sunanki ya fito, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lamba shida da ta shigo miki yanzu. Wannan lambar ita ce mukullin WhatsApp ɗinki. Kina faɗa, ya kwashe asusun zuwa wayarsa, ya shiga bin mata ɗaya bayan ɗaya da sunanki da hotonki: a turo kuɗin fom, ko yaronki na asibiti a taimaka. Za su tura, don sun yarda da ke. Kuɗinsu ya tafi, mutuncinki ya taɓu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san wata za ta ce, "To in ban tura ba ai tsallake ni za a yi." Gaskiyarki, kuma shi ya sa gyaran daga shugabanni zai fara. Mai son turo miki kuɗi, sunanki da sunan banki da lambar asusu mai lamba 10 sun ishe shi. Lambar sirrin katin ATM da lambar OTP kuwa ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin tambayarki. In shiri ne da lallai sai da NIN, a cike takarda, a damƙa wa sakatariyar da muka sani ido da ido. Dokar Kare Bayanai ta ƙasa da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanai a kan wanda ya tattara su. Ke nan shugabar mata da sakatariya, wuyanku ne.

Don Allah kowace ta yi waɗannan:

1. Ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar sirri shida. Kada ta zama shekarar haihuwarki.

2. Ki sa wa layinki lambar kulle, don in an sace waya, da layin ake shiga asusun banki. Ki nemi wanda ya iya ya nuna miki, saboda kuskure sau uku yana toshe layin.

3. In kina ajiye sunaye a kwamfuta, ki sa mata kalmar sirri, yara su daina wasa da ita. In a shagon buga takardu aka buga miki, ki tsaya a goge a gabanki.

4. Za ki kai waya gyara Farm Centre ko wani wuri? Ki cire layi da memori tukuna.

5. Linkin "cike ki samu tallafi" kada ki danna, kada ki tura gaba.

6. Saƙon neman kuɗi ko daga wa ya fito, ki buga waya ki ji muryarta.

In kuma tsautsayi ya faɗa miki, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki kira banki a rufe asusun, ki sake rajistar WhatsApp da lambarki, ki sa wata ta sanar a guruf nan take.

Masu kula da guruf, duk wadda ta turo BVN ko hoton kati, ku goge, ku kira ta ku yi mata bayani cikin mutunci. A karanta wa iyayenmu da ba sa karatun boko. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, amin.