Kafin a tura saƙon "masana sun gano", a tambayi isnadinsa

Kusan kullum sai irin wannan saƙo ya faɗo a zauren WhatsApp ko ya bayyana a TikTok: "Masana sun gano..." Wani lokaci maganin ɗigawa ne da ake cewa yana wanke yanar ido cikin kwana uku ba tare da tiyata ba. Wani lokaci bidiyo ne mai kiɗan ban tsoro da ke cewa an gano sirrin sararin samaniya. Wani lokaci kuma hoton amsar ChatGPT ne a kan wata mas'alar fiƙihu, har da sunan littafi da lambar shafi, ana yaɗa shi kamar fatawa. Su wane ne masanan? A ina suka rubuta? Wa ya duba aikinsu? Kafin a kai ga waɗannan tambayoyi yatsa ya riga ya danna turawa.

Abin mamakin shi ne, matashin da ke yin haka ya taso ne cikin al'ummar da ta san darajar isnadi. Ɗalibin Islamiyya ɗan shekara 12 ya san ba a karɓar hadisi don kawai ya yi daɗin ji, sai an san wa ya ji daga wa. Wannan tarbiyyar ce mai wayar hannu ya fi buƙata a yau, kuma ita ce yake ajiyewa da zarar ya kunna data. Fagagen bincike uku da ba su da alaƙa da juna, wato tarihin fiƙihu, kimiyyar sararin samaniya da cututtukan ido, sun isa su nuna yadda masana na gaskiya ke aiki, da kuma abin da ya raba aikinsu da saƙon da ke yawo a waya.

Yadda aka mayar wa Schacht martani

A shekarar 1950 wani masani haifaffen Jamus mai suna Joseph Schacht ya fitar da littafi a kan asalin fiƙihun Musulunci. A cikinsa ya yi da'awa mai nauyi: cewa yawancin hadisan hukunci daga baya aka ƙirƙire su, aka kuma ɗora musu isnadi zuwa baya. Shekaru da dama wannan ra'ayi ya yi rinjaye a jami'o'in Turai da Amurka.

Abin koyi yana cikin yadda aka ƙalubalance shi. Muhammad Mustafa al-A'azami, malamin hadisi ɗan asalin Indiya, ya bi misalan Schacht ɗaya bayan ɗaya, ya koma littattafan da aka ciro su, ya nuna wuraren da aka yi wa nassi mummunar fahimta, ya fitar da raddinsa a 1985. A 1991 kuma Harald Motzki, shi ma Bajamushe, ya ɗauki Musannaf na Abdurrazzaƙ as-San'ani, wanda ya rasu a shekara ta 211 bayan Hijira, ya ƙirga riwayoyinsa, ya rarraba su bisa malaman da ya ji daga gare su. Ya tarar kowane malami yana da salonsa da irin mutanen da yake riwaya daga gare su, ta yadda zai yi wuya a ce mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙirƙire su. Ta wannan hanya ya bi sawun riwayoyin Ibn Juraij daga Ata'u ɗan Abi Rabah har zuwa Makka ta ƙarni na farko. Duk wanda bai gamsu ba yana iya buɗe Musannaf ɗin ya sake ƙirgawa da kansa, kuma nan ƙarfin aikin yake.

Yau kwamfuta ta shigo wannan fage. Akwai rumbun OpenITI da ya tattara dubban littattafan Larabci cikin tsarin da na'ura za ta iya karantawa, kuma kyauta ne. Shirin KITAB, wanda Farfesa Sarah Bowen Savant ke jagoranta a Jami'ar Aga Khan da ke Landan, yana amfani da wata manhaja mai suna passim wajen gano inda wani littafi ya kwaso daga wani. Aikin da zai cinye wa malami shekaru, kamar kwatanta Muwaɗɗa ta riwayar Yahaya al-Laisi da ta Muhammad ash-Shaibani layi bayan layi, na'ura na iya share fagensa cikin ɗan lokaci. Sai dai manhajar kamanni kawai take nunawa. Ba ta san wa ya riga wani ba, ba ta san dalilin kamannin ba, kuma abin da ba a buga a kwamfuta ba ba ta ganinsa. Ɗimbin rubuce-rubucen hannu na malaman Afirka ta Yamma, irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa a Kaduna ko a hannun iyalai a Timbuktu, yawancinsu ba su shiga irin wannan rumbu ba. Hukuncin ƙarshe yana nan a hannun wanda ya san fannin.

Binciken da ya ce "ba mu samu komai ba"

Fage na biyu ya yi nisa da zauren karatu. A 1933 masanin taurari Fritz Zwicky ya lura cewa rukunan taurarin da ke gungun Koma suna gudu fiye da kima, ta yadda nauyin abin da ake gani bai isa ya riƙe su wuri ɗaya ba. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar rukunan taurari irin su Andiromeda, suka tarar taurarin gefe ba sa rage gudu kamar yadda lissafi ya nuna. Bayanin da ya fi samun karɓuwa shi ne akwai wani ɓoyayyen abu, wanda da Turanci ake kira dark matter, mai nauyi amma ba ya fitar da haske kuma ba ya mayar da shi. Ƙiyasin masana ya nuna shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na duk abu mai nauyi a sararin samaniya. Har yau ba wanda ya kama ƙwaya ɗaya tasa.

Ɗaya daga cikin manyan na'urorin farautarsa ita ce LUX-ZEPLIN, wadda aka girka a wata tsohuwar mahaƙar zinare a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa. An kai ta can ne don duwatsu su tare mata ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. A cikinta akwai tan 7 na ruwan sinadarin zenon, ana jiran wata ƙwaya ta ɓoyayyen abu ta bugi ƙwayar zenon ta haifar da ɗan walƙiya. A watan Agustan 2024 masu binciken suka fitar da sakamakon bayanan kwana 280: ba su ga komai ba. Suka rubuta hakan, suka bayyana iyakar da suka bincika, domin masu zuwa su san inda ba sai an sake dubawa ba.

Akwai wata dabara da suka yi wadda duk mai rubuta manhaja zai so. Kafin a fara nazari, an zuba alamun bogi cikin bayanan, ba tare da masu nazarin sun san waɗanne ne ba. Sai da suka kammala tsara hanyar tantancewa sannan aka cire na bogin. Manufar ita ce kada son samun sakamako ya sa su karkatar da lissafi ba da saninsu ba. Wato ba su ma yarda da zukatansu ba.

A gefe guda akwai gwajin DAMA a Italiya, wanda tun ƙarshen shekarun 1990 yake cewa yana ganin wata alama mai hawa da sauka kowace shekara, kuma yana danganta ta da ɓoyayyen abu. Da a TikTok ne, da tuni an rufe magana. Amma wasu masana suka gina na'urori da irin sinadarin da DAMA ke amfani da shi, ANAIS a Sifaniya da COSINE a Koriya ta Kudu, kuma ba su tabbatar da alamar ba. Shi ya sa har yanzu ba a karɓi da'awar ba. Riwaya ce da mutum ɗaya ya kaɗaita da ita, sauran amintattu kuma ba su goya masa baya ba.

Ido: inda kuskure ke da tsada

Idan mutum ya yarda da labarin ƙarya a kan taurari, babu abin da zai rasa sai ɗan mutunci a muhawara. Lamarin ido ba haka yake ba. A 2016 masu bincike na Google suka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA cewa sun horar da wata manhaja da hotunan bayan ido 128,175, wadda ke gano lahanin da ciwon suga ke yi wa ido kusan daidai da ƙwararrun likitoci. Gaskiya ne, kuma babban ci gaba ne. To amma da aka kai ta ƙananan asibitoci 11 a Tailan, sai aka ga wani abu dabam. Manhajar ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, saboda an horar da ita da hotuna masu kyau, su kuwa ɗakunan asibitocin haskensu bai dace ba. Ga kuma jinkirin intanet da ke tsayar da layin marasa lafiya. Masu binciken Google ɗin ne da kansu suka wallafa wannan a 2020.

Darasin a fili yake: kowane sakamako yana da sharuɗɗansa. A kan su wa aka gwada? Da wace kyamara? A wane irin ɗaki? Abin da ya yi tangarɗa a Tailan saboda haske da intanet, ba sai an faɗa wa mai zama a inda wuta ke ɗaukewa abin da zai iya faruwa da shi ba.

Wannan ba ya nufin waya ba ta da amfani a nan. Manhajar Peek Acuity, wadda ƙungiyar likitan ido Andrew Bastawrous ta samar, an gwada ta a Kenya an kwatanta ta da allon gwajin gani na asibiti, aka wallafa sakamakon a 2015. Amma ƙarfin gani kawai take aunawa, ba ta faɗin cutar da ke damun mutum. Hawan jinin ido kan cinye gani daga gefe a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanar ido kuwa tiyata ce maganinta. Duk watan da dattijo ya ɓata yana ɗiga wani ruwa da ɗansa ya gani a Facebook, wata ne da ya kamata a ce likita ya duba shi.

Matsalar amsa mai santsi

Manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini sun ƙara wa lamarin wuya, domin suna magana da cikakken tabbaci ko sun dace ko sun kuskure. Asalin aikinsu hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka suna iya ƙera sunan littafi da shafi da marubuci waɗanda suka yi kama da gaskiya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar mata da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, mai tambayar hukuncin gado ko saki ta waya ba shi da tabbacin tsira. Manhajar tana da amfani wajen sauƙaƙa Turanci mai wuya da nuna inda za a fara nema. Idan ta ce magana tana cikin Risala ko Mukhtasar na Khalil, sai a buɗe littafin a gani, sannan a kai wa malami.

Uzurin da ake kawowa, da abin da za a iya yi

Wani zai ce wannan nauyi ya yi wa talaka yawa. Takardun bincike da Turanci mai tsauri ake rubuta su, wasu sai an biya kuɗi, ga tsadar data. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, kuma laifin ba na mai karatu kaɗai ba ne: muddin ba a bayyana irin waɗannan bincike da Hausa mai kyau, masu bidiyon ruɗu ne za su ci kasuwar. Amma ba a ce kowa ya zama farfesa ba. Wanda bai haddace littattafan masu riwaya ba ma yana iya tambayar wa ya ruwaito.

Kuma ƙofofin sun fi yadda ake zato buɗewa. Shafin arXiv, wanda aka kafa tun 1991, yana ɗauke da takardun kimiyyar lissafi da ta sararin samaniya kyauta, sai dai da yawansu ana sa su ne kafin sauran masana su tantance. PubMed yana nuna taƙaitaccen bayanin binciken likitanci ba tare da biyan ko sisi ba. Google Scholar kuwa cikin minti ɗaya zai nuna ko takardar da aka ambata ma tana nan. Duk wannan bai kai cin datar bidiyo ɗaya ba.

Tambayoyi huɗu sun wadatar kafin a tura saƙo. Wa ya yi binciken, kuma a ina ya fito? A kan me ko su wa aka gwada? Akwai wasu da suka maimaita suka samu irin sakamakon? Shin masu binciken sun faɗi iyakar aikinsu? Saƙon da ya kasa amsa ta farko ma, ya tsaya a wayar da ya iso.

Motzki ya bar ƙofa a buɗe ga mai son sake ƙirga, masu LUX-ZEPLIN sun sanar da duniya ba su samu komai ba, masu binciken Google sun wallafa inda manhajarsu ta yi tuntuɓe. Mai sayar da maganin ido a TikTok ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun, kuma idon da za a ɗiga wa maganin na mahaifin wani ne.