Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamai da Shugabannin Al'ummarmu na Greensboro

Iyayenmu malamai da dattawan al'umma, ina neman ku ba ni aron kunne kan wata magana da ba a saba jin ta a bakin masallaci ba, wato lafiyar kaji da dabbobi da kifi a wannan jiha ta North Carolina, da hakkin da ya rataya a wuyanmu game da ita.

Jihar nan tana sahun gaba a Amurka wajen kiwon talo-talo da kajin nama, kuma murar tsuntsaye ta riga ta san hanyarta. A bazarar 2022 cutar ta shiga gonakin talo-talo a yankunan Johnston da Wayne, har ma'aikatar gona ta jiha, ƙarƙashin Steve Troxler, wanda manomi ne ɗan wannan yanki namu na Guilford, ta dakatar da baje kolin kaji da gwanjonsu. A Maris 2024 aka tabbatar da ita a jikin shanun madara a Texas, a watan ne kuma aka same ta a jikin 'yan awaki a Minnesota, a gonar da kajinta suka kamu. Kafin Afrilu ya ƙare ta bayyana a wani garken shanu a jiharmu. A Janairu 2025 ta afka wa wata gonar kajin ƙwai a yankin Hyde mai kaji sama da miliyan 3. Duk wanda ya sayi ƙwai a farkon shekarar ya ji a aljihunsa, domin dozin ya haura dala 6.

Manyan gonaki suna da likitocinsu da ƙofofinsu a kulle, baƙo ba ya shiga sai ya sauya takalmi da tufafi. Inda shingen yake da ɓaraka shi ne ƙananan gonaki da akurkin bayan gida, kuma nan ne ƙafafunmu suka fi takawa. Ku dubi makon Babbar Sallah. Mota guda ta ɗauki magidanta huɗu, su shiga gona ta farko su taɓa rago su buɗe bakinsa su duba haƙori, farashi bai yi ba, su wuce ta biyu da ta uku, da takalmi ɗaya da hannun da ba a wanke ba. A hanyar dawowa a sayi zakaru biyu masu rai a sa a bayan mota, a kawo gida a sake su cikin kajin da ake da su. Su kuma dinyoyin nan da suka cika bakin tafkunan garin nan da filayen ajiye motoci, kashinsu yana iya ɗauke da ƙwayar cutar, ana taka shi a shigo da shi har ƙofar akurki. Babu mai mugun nufi a duk wannan, amma cuta ba ta tambayar niyya.

Na san za a ce kaji goma na bayan gida ba su isa su girgiza jiha ba. To ai mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ƙaryar wannan zance. A Fabrairu 2006 aka fara tabbatar da wannan cuta a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kafin watan ya fita ta isa Magaria a Nijar, kuma hanyar da kaji ke bi daga kasuwa zuwa kasuwa ita ma cutar ta bi. Wasu kuma za su ce komai na Allah ne. Haka ne, amma malamai kun fi ni sanin cewa ingantaccen hadisi ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gauraya su da masu lafiya. Abin da likitocin dabbobi ke nema ke nan idan sun ce a ware sabuwar kaza kwana 30 kafin a haɗa ta da sauran.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne tsoro, kuma ba zan raina shi ba. Baƙon da kajinsa suka wayi gari a mace ya fi son ya binne su shiru a kan ya kira hukuma gidansa. Sai dai shirun ba ya ceton ragowar kajin, domin cutar kan share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma diyyar da gwamnatin tarayya ke biya ta tsuntsayen da aka samu da rai ce, ba waɗanda suka riga suka mutu ba. Mai jinkiri ya yi asara biyu, ya kuma jawo wa maƙwabcinsa. A nan ne ake bukatar ku tsaya a tsakani, mutum ya kira shugaban da ya yarda da shi, shugaban ya kira ofishin likitan dabbobi na jiha tare da shi.

Kifi ma haka. A 2015 aka gano cutar da ke sa kifin trout juyi kamar mai hajijiya a kogin Watauga, cikin duwatsun da masu kiwon wannan kifi suka dogara da ruwansu. Matasanmu masu zuwa su a tafkin Brandt da na Townsend su daina juye ragowar ƙananan kifin koto a ruwa, su wanke takalmi da koma su shanya kafin su sauya tafki.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Jami'ar North Carolina A&T tana cikin garin nan tun ƙarni na 19, tana da gonarta da malaman gona waɗanda aikinsu ne taimakon ƙananan manoma. Ku naɗa mutum biyu ko uku su je su gayyato su, a yi zama ɗaya kafin layya mai zuwa, a fassara bayanin da Hausa da Zabarmanci. A sanar ranar Juma'a cewa mai zuwa sayen rago ya tafi da ledar rufe takalmi, mai haɗa nono da madarar gona ya tafasa ta tukuna, wanda kuma kajinsa suka fara mutuwa kada ya yanka ragowar ya raba wa jama'a, ya kira ku a ranar.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku a Greensboro