Marainiyar Da Uwarta Ke Raye

A wannan mako ina so in taɓo wata magana wadda ta daɗe tana ci mini rai, watau maganar 'yar da uwarta ta ruɗe, da irin surutun da muke yi mata in mun ga ta raɓi wata dattijuwa tana neman sanyi a wurinta. Ba jita-jita zan ba ku ba, a kaina aka yi.

Ni ce 'yar fari a wurin Innarmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in kuwa baƙuwa ta tambaye ta lafiyata sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Kun dai san alkunyar iyayenmu. Ran nan na je gida, ina durƙushe ban ko gama gaishe ta ba, sai ta dube ni ta kira sunana gatsal, har sau biyu, ta ce in miƙo mata buta. Ƙannena suka bushe da dariya, wai yau Inna ta waye. Ni ma na yi dariya, amma na koma ɗakina gabana yana faɗuwa. Ashe kunyar ce ta fara zubewa, saura suna tafe. Ba a yi shekara uku ba sunan ma ya ɓace mata, in na yi sallama sai ta amsa da fara'a ta ce, "Maraba da baiwar Allah, daga wane gida?"

Kafin a kai nan mun ga abubuwa iri-iri. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, ta sallame la'asar ta tashi ta sake tayarwa. Ta cusa kuɗin adashinta a cikin kwanon daddawa, sa'an nan ta fito tsakar gida tana rantsuwa an sace. Da magariba ta doso kuwa sai ta ƙulle kayanta a zane, ta ce za ta tafi gida kada babanta ya yi faɗa, alhali ya fi shekara arba'in a ƙasa. To wa ya sace kuɗin? Wa ya juya mata hankali? A gidan mata biyu ba a neman amsa da nisa. Muka haɗa baki, har da ni, muka ce abokiyar zamanta ce, wadda muke kira Goggo. Aka yi ta hayaƙi da turare, aka kashe kuɗin da ba mu da shi, Goggo kuwa ta wayi gari ba mai gaishe ta a cikinmu sai da ƙyar.

Sai da wani ƙanen maigidana ya matsa sa'an nan muka kai Inna asibiti. Abin da muke kira gigin tsufa, likita ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke yin sa ba. Mafi yawansa, watau kashi 60 zuwa 70 cikin 100, na wata cuta ce da ake kira Alzaima, sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya bayyana ta a 1906. Matar da ya fara lura da ita, Auguste Deter, shekararta 51 kawai sa'ad da aka kwantar da ita a asibitin birnin Frankfurt a 1901, kuma abin mamaki, cikin alamun da aka fara gani a wurinta har da zargin mijinta da kishi marar dalili. Ga shi can ba kishiya, ba sammu. Abin da ke faruwa shi ne, wasu sinadarai ke taruwa a cikin ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta a hankali, kuma sukan fara da wurin da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa tsohuwa za ta manta ta ci tuwo yanzun nan, amma ta lissafa miki kayan ɗakinta na aure ɗaya bayan ɗaya. Wani irin kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke kawo shi. Rikicewar magariba ma, wadda muke ɗora wa iskoki, sananniyar alama ce a wurin likitoci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyarsu. Wannan na ƙarshe ba sai an gaya mana ba. Ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, sai dai wanda zai sassauta ko ya rage masa sauri kaɗan. Duk da haka ku kai tsofaffinku a duba su tun da wuri, ko a babban asibiti ko a irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, domin akwai abubuwan da ke kama da shi waɗanda ake warkewa, kamar ƙarancin sinadarin B12, da ciwon maƙoƙo, da ciwon damuwa. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba shi ne hauka ba.

To amma ba wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wadda uwarta ta rasu, ana zuwa yi mata gaisuwa. A shimfiɗa tabarmi, a zauna da ita kwana uku, maƙwabta su aiko da kunu da abinci, kowa ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Wadda uwarta ta ruɗe fa? Ita ma ta rasa mai yi mata faɗa, ta rasa wadda za ta kai wa ƙara in zaman aure ya yi tsami, ta rasa mai tuna mata ranar da aka haife ta, amma ba mai ce mata sannu, domin ai ga uwar nan zaune a kan tabarma tana cin goro. In ta yi kuka ma sai a ce ta cika rashin godiya, wasu suna neman uwar ido rufe. Wata malama Ba'amurkiya, Pauline Boss, ta yi nazarin irin wannan hali tun cikin shekarun 1970, ta kira shi rashi marar tabbas, watau mutum yana nan kuma ba ya nan. Ni dai da na haifi autata, aka kai wa Inna jaririya, ta karɓa ta yi mata wasa, ta juyo ta tambaye ni 'yar wace ce. A ranar na san na zama marainiya, kuma ban sami wanda zan gaya wa ba.

Wadda ta lura da ni a ranar ita ce Goggo, matar nan da muka yi wa ƙazafi. Ta same ni a bayan ɗaki, ba ta ce mini komai ba sai, "Taso ki sha kunun kanwa, mai jego ba ta zama da yunwa." Daga nan ne idona ya buɗe na ga abin da ya daɗe yana gabana. Mu 'ya'ya muna zuwa mu yini mu koma gidajenmu, amma wadda ke tashi da tsakar dare in Inna ta buɗe ƙofa, wadda ke yi mata wanka, wadda ke ɓoye ashana da wuƙa, Goggo ce. Inna ta zage ta da safe ta ce ɓarauniya, da rana kuma ta ƙi cin abinci sai daga hannunta. Ita ce ma ta koya mini in daina gardama da Inna. In ta ce za ta gidan babanta, Goggo sai ta ce, "To Yaya, bari a sha hura tukuna," kafin a dama an manta da tafiya. Ni kuwa da sai in ce mata ai ya rasu, ta yi ta kuka sabo kamar yau aka yi mutuwar. Allah ya yafe mini.

Abin da na fi samu a wurin Goggo shi ne Innar kanta. Shekara talatin da wani abu suna gida ɗaya, ta san abubuwan da ni ban sani ba. Ita ta gaya mini yadda Inna ta sayar da tasoshinta aka biya mini kuɗin makarantar kwana, ta kuma hana a faɗa mini. Ita ta gaya mini cewa matar nan da ba ta kiran sunana, duk ranar da za mu dawo hutu tun hantsi take leƙen zaure, in ta ji sallamata kuma ta koma ɗaki ta ɗaure fuska. Abin da ciwo ya goge a kan Inna, yana nan ajiye a kan kishiyarta. Na shiga kai mata shawarata, na shiga yi mata tsaraba, na nemi gafararta a kan abin da muka yi, ta ce ba ta ma riƙe ba. Ban yarda ba ta riƙe ba, amma na gode.

Nan fa surutu ya tashi. Wai na ga uwata ta zama abin da ta zama na canza uwa. Wai na haɗa kai da wadda ta gama da ita. Wata gwaggonmu har aiko mini ta yi, ta ce in ji tsoron hakkin nono. Na kuma san ba ni kaɗai ba ce, domin na ga an yi wa wata haka don ta shaƙu da surukarta, wata kuma don ta riƙi wata tsohuwa a maƙwabta.

'Yan'uwana, a ganina wannan surutu zalunci ne, kuma ya saɓa wa al'adarmu ma. Yaushe Bahaushiya ta taɓa zama da uwa ɗaya tak? Muna da uwar goyo, muna da uwar ɗaki, amarya in an kai ta baƙon gari akan nema mata wadda za ta tsaya mata a matsayin uwa, ba kuwa wanda ya taɓa cewa an ci amanar mahaifiya. Me ya sa sai ranar da 'ya ta fi bukatar wannan gata za mu hana ta? Mai jinyar irin wannan ciwo ba ta mako ba ce, ba ta wata ba, abu ne na shekaru, ga miji ga 'ya'ya ga sana'a. In ba ta da inda za ta sauke abin da ke cikinta, to a kan tsohuwar za ta sauke shi, da tsawa da hantara. Na gwada duka biyun. Lokacin da nake ɗauke da abin ni kaɗai na sha ɗaga wa Inna murya, amma tun da na sami wurin zama in yi kuka a ba ni haƙuri, sai na iya zama da ita yini guda tana maimaita tambaya ɗaya ina amsawa.

Ban ce babu masu fakewa da wannan su gudu ba. Akwai wadda za ta tare a gidan ƙawa ko na suruka don kada ta wanke zanen uwarta, ta bar wa ƙanwa ko matar wa dukan wahala, sa'an nan ta zo ranar Juma'a da lemo a leda. Wannan a yi mata faɗa, ta cancanta. Amma bambancin ba shi da wuyar gani: ku duba ko tana zuwa, ko hannunta yana cikin aikin. In yana ciki, to ku ƙyale ta da wadda ta samu. Ku kuma surukai da maƙwabta, in irin wannan yarinya ta yawaita zama a ɗakinku ba da wani dalili ba, kada ku ce ta cika naci. Ba goro ta zo ci ba.

'Yan makaranta, ku ma da ku nake. Wasan jika da kaka halal ne, amma in kaka ta ruɗe, a daina ɓoye mata carbi ana dariya, a daina tambayarta "wace ce ni?" don a gwada ta, domin tana jin kunyar rashin amsa ko da ba ta faɗa ba. Ku zauna kusa da ita, ku tsefe mata kai, ku tambaye ta labarin ƙuruciyarta, wannan shi ne abin da ya fi daɗewa bai goge ba. Ku sami littafi ku rubuta abin da ta faɗa, da sunayen garuruwa da na dangi. Sa'an nan ku lura da iyayenku mata. In kin ga mamarki ta dawo daga gidan kaka ta shige ɗaki ta yi shiru, ki ɗora tukunyar ba sai an sa ki ba.

Inna ta shekara bakwai a cikin wannan hali. A ƙarshe magana ma ta ɗauke, sai dai in an riƙe hannunta ta damƙe. Ranar da ta cika, Goggo ce a kanta, ita ta shafe mata ido, ita ta aiko a kira ni. Mutane suka cika gida suna yi mini gaisuwar da na yi shekaru ina bukata, har da masu cewa na canza uwa, na kuwa amsa musu duka.

Yanzu Goggo ce ta tsufa, gwiwa ta hana ta fita. Duk ranar Asabar nakan je in wanke mata kai, in duba ko ta sha maganin hawan jininta, in kai mata goro fari irin wanda take so. Makon jiya na tarar ta sa an kwance wani ƙullin kaya da ke ƙarƙashin gadonta, ta ciro wani tsohon zanen saƙi ta miƙo mini, ta ce da shi Inna ta goye ni, randa babu kowa a gida.