Ƙirar Wuƙa a Zango: A San Ƙarfe Kafin a Kai Shi Wuta



A cikin 'yan shekarun nan wasu daga cikin samarinmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango sun ɗauki ƙirar wuƙaƙen farauta a matsayin abin sha'awa. Suna kallon maƙeran Amurka da Turai a YouTube, su haɗa 'yar maƙera a bayan gida, su kwashe Asabar da Lahadi suna duka da gogewa. Maganar ta sha zuwa zauren dattijon da nake riƙe wa alƙalami: wani uba ya zo da fargaba, wani da alfahari. Ra'ayina shi ne a bar yaran nan su ƙera, a kuma taimake su, bisa sharaɗin su koyi sanin ƙarfe, su zaɓe shi gwargwadon aikin da wuƙar za ta yi a hannun mutanenmu.

Ƙira gadonmu ce. Masu tarihi suna cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin dutsen Dala saboda tama, kuma har gobe ana kiran zuriyarsu Abagayawa. A Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, wato ta 57, kuma an ba mu labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙarfe yana ƙera sulke. Saboda haka yaron da ya ɗauki masaba da awartaki bai kawo baƙon abu gida ba.

Tushen ilimin shi ne sinadarin kabon da ke cikin ƙarfe. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, kamar falankin da masu walda ke yin ƙofa da shi, ko sau goma aka tsoma shi ba zai yi taurin da zai riƙe kaifi ba. Rodin gini kuwa ba shi da tabbas, wani ya taurara wani ya ƙi. Wuƙa tana son kabon daga wajen kashi 0.6 zuwa kashi 1. Lambobin da yaranmu ke gani a intanet, irin su 1084 da 1095, lambobi biyun ƙarshe kabon suke nunawa: 0.84 da 0.95. Wanda ya gane wannan ya daina sayen suna, ya koma sayen ƙarfe.

A garin nan ba mu rasa ƙarfe ba. Abossey Okai maƙwabciyar Sabon Zango ce, ga kuma Kokompe a Darkuman, inda tsofaffin kayan mota ke jibge. Sifirin mota, wanda galibi ake yi da ƙarfe irin 5160 mai kabon kusan kashi 0.6, yana da juriya, ba ya saurin karyewa. Ya dace da barho da adda da babbar wuƙar daji da za ta haɗu da ƙashi. Tsohon magagari yana da kabon mai yawa, yana ba da kaifi mai kyau ga ƙaramar wuƙar fiɗa, sai dai yana tsinkewa idan ba a sassauta taurinsa ba. Zoben boris ma ƙarfe ne nagari, amma yana da taurin kai a ƙarƙashin masaba, a bar wa gwanaye. Aibin tsohon ƙarfe ɗaya ne: ba ya zuwa da takardar shaida. Sifirin da ya shekara ashirin yana ɗaukar kaya tsakanin Ankara da Tamale yana iya ɓoye tsaga wadda ido ba ya gani. Don haka a yanko guntu a gwada tukuna. A ɗora shi a injin gurza a duba tartsatsi: idan yana fashewa da rassa da yawa, akwai kabon. Sannan a gasa guntun, a tsoma, a goga masa magagari. Idan magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen ya karɓi tauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan zaɓe sai wuta, kuma nan ne wuƙaƙe da yawa ke mutuwa. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Salsiyus. Maƙeri ya ƙara masa zafi kaɗan bisa haka, ya tsoma shi a mai mai ɗumi. Man gyaɗa ya wadatar. Baƙin man inji hayaƙinsa cuta ne, haka ma hayaƙin ƙarfen da aka shafe da zinki, irin na bututun ruwa. Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri kamar gilashi, idan ta faɗi tana iya darewa. Sai a mayar da ita zafi mai sauƙi, wajen digiri 200, na awa ɗaya ko biyu, a maimaita, har bakinta ya yi launin busasshen kara. Ƙarfe mai araha da aka yi wa wannan hidima daidai ya fi mai tsada da aka ƙona.

Na san hujjar masu son ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma tana da nauyi. Muna bakin teku, iskarmu da gishiri, wuƙar baƙin ƙarfe idan ta kwana da jini ko ruwa, da safe sai a tarar ta yi ja. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Shefil ta Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Amma taurara shi yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000, a riƙe shi daidai na wani lokaci cikin murhun lantarki mai ma'auni. Gawayi da zugazugi ba za su ba da wannan tabbaci ba. Mai koyo da ya zuba kuɗinsa a irin wannan ƙarfe zai tashi da wuƙa mai sheƙi wadda ba ta yanka. Maganin tsatsa kuwa kakanninmu sun san shi: a wanke, a share, a shafa mai, kuma kada a bar ta ta daɗe cikin kube mai laima.

Haka batun wuƙaƙe masu zane kamar igiyar ruwa da ake kira na Dimashƙa. Wanda ya yi karatun Larabci ya san ana kiran takobi nagari muhannad, wato ɗan Hindu, domin ainihin ƙarfen da ya yi suna a da daga Indiya ake kawo shi. Na kasuwar yau ƙarafa biyu ne ake linkawa a haɗe da wuta, a jiƙa a ruwan asid zanen ya fito. Idan ƙarafan nagari ne, wuƙar tagari ce. Idan ba a san asalinsu ba, ado kawai aka saya.

Wa zai yi aiki da wuƙar? Maharba kaɗan ne a cikinmu yau, kuma dokar Gana ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, ban da gyazbi ga mai lasisi. Amma mahauta suna nan kullum, masu tsire suna bakin titi kowane dare, kuma kowane gida yana neman wuƙar yanka ranar Layya. Hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa a makaranta, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Wuƙar da ke dakushewa a wuyan rago na biyu azaba ce ga dabba, nauyi ne kuma a kan mai yanka. Saurayin da ya ƙera wadda za ta riƙe kaifi ya yi wa addini da unguwa hidima. Ya kai wuƙarsa ga mahauci ya yi mako yana aiki da ita. Hukuncin da zai ji ya fi yabon mutum dubu a Facebook amfani.

Saura fargabar iyaye, kuma ba zan raina ta ba. Ba mu manta da rikicin 'yan daba da aka yi da adduna a Nima a watan Janairun 2022 ba, da irin kallon da aka yi wa Zango bayansa. Sai dai mai niyyar ɓarna ba ya jiran maƙeri. Adda tana nan a kowane shagon kayan gona. Yaron da zai yi kwana uku yana goge baki ɗaya na wuƙa yana koyon haƙuri ne. Abin da ya kamata shi ne ƙirar ta fito fili. Sarakunan Zango da limamai su haɗa waɗannan samari da tsofaffin maƙera da dukawa masu ɗinka kube, kowane yaro a san ubangidansa. Kowa ya buga alamarsa a jikin abin da ya ƙera, ya rubuta wanda ya sayar wa, kada ya sayar wa ƙaramin yaro, kada kuma a ga wuƙa a ƙugun kowa a wurin biki ko kallon ƙwallo. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Tsofaffin da suka san launin wuta da ido suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, samarin kuma suna da lambobi da ma'auni waɗanda tsofaffin ba su samu ba. Idan aka zaunar da su a maƙera ɗaya tun yanzu, mahaucin Mamobi zai riƙa tambayar wuƙar ɗan unguwarsu da suna.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya sa abin da hannuwansu suka ƙera ya zama na amfani. Wassalam.