MU DUBI SAMA: Wutar nesa mai tashi tana kwantawa



Wani dare a nan Adarbisanat, bayan an tashi karatu, wani makiyayi ya tambaye ni: «Malam, hasken abubuwan sama kullum ɗaya ne?» Amsa ita ce a'a. Ga misali.

Akwai wani abu can ƙuryar sama, masana na ce masa kwazar. A madubin hangen nesa kamar tauraro yake, amma ba tauraro ba ne. A 1963 wani masani, Maarten Schmidt, ya auna nisan ɗaya mai lamba 3C 273. Haskensa ya yi shekara fiye da miliyan dubu 2 a hanya kafin ya iso gare mu.

A tsakiyar kwazar akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso. Iskar gas tana kewaya shi, tana ɗaukar zafi, tana haske kafin ta faɗa.

Da yawan hasken nan ido ba ya ganinsa. Sunansa ultrabiyole. Rana ma tana da shi, shi ke ƙona fata. Iskar duniyarmu tana tare yawancinsa, shi ya sa aka harba na'urori sama su auna shi: IUE a 1978, Hubble a 1990.

Mi suka gani? Hasken yana ƙaruwa yana raguwa, cikin makonni ko watanni ko shekaru, ba da ƙa'ida ba. Kuma canjin ya fi ƙarfi a ultrabiyole bisa ga hasken da ido ke gani, don shi ke fitowa daga wuri mafi zafi, kusa da ramin.

Kun san wutar zango a dajin Tadres. In ka hango haske daga nesa ya tashi gaba ɗaya, ya kwanta gaba ɗaya, ka san murhu guda ne. Wutar babban gari ba ta yin haka, don kowane gida da nasa icce. Da wannan dabara masana suka gane wurin da hasken kwazar ke fitowa ƙarami ne, ko da yake ya fi na taurari miliyan dubbai a haɗe.

Kallon dare ɗaya bai nuna wannan. Tsofaffin hotunan da aka ajiye a Harvard, ƙasar Amurka, tun kafin 1900, su suka nuna 3C 273 yana canzawa. Wanda ya ɗauka bai san mi ya kama ba, amma ya rubuta ranar, ya ajiye.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.